Amsa ga 'yar koyo: wane siket ya dace da wace mace

'Yata, kin tambaye ni dalilin da ya sa mace za ta shigo shagon nan da hoton siket a wayarta, ta ajiye atamfarta ta ce irin wannan take so, amma sai in tsaya ina juya yadin ina yi mata tambayoyi, wani lokaci ma in ba ta shawarar ta sauya salo baki ɗaya. Kin kuma ce kina so ki san ire-iren siket da yadda ake sa kowanne, domin ki daina yin shiru idan mai kawo ɗinki ta nemi ra'ayinki. Tambayar ta zo a lokacinta, tunda hannunki ya riga ya zauna a kan keke, abin da ya rage miki yanzu shi ne ido.

Ki fara da sanin cewa duk yawan sunayen da ake raɗa wa siket, abin da ya raba su bai wuce wurin da tela ya ajiye yalwar yadi ba. Ƙugun mace ya fi mazaunanta sirantaka, ƙafafunta kuma suna bukatar filin taku, saboda haka dole a tsuke yadi a sama, a sake shi a ƙasa. Wani salon yana sakin yadin tun daga ƙugu, wani daga mazaunai, wani sai a gwiwa, wani kuwa ba ya sakinsa sam, sai dai a yi masa tsaga. Ita wadda ke cikin hoto a tsaye take, ta gyara tsayuwa, ba za ta motsa ba har abada. Matar da ta kawo mana ɗinki kuwa za ta hau trotro, wato motar haya, daga unguwar Aboabo zuwa kasuwar Kejetia a nan Kumasi, za ta tsallake kwata, za ta zauna a tabarma a gidan suna, za ta yi ruku'u da sujada. Shi ya sa nake tambayarta inda za ta da kayan, da takalmin da za ta sa, da ko za ta yi salla da su, tun kafin in ɗauki alli.

Awo kuwa, tunda ke ce kike ɗaukar na mata a bayan labule, ki riƙe shi da muhimmanci, domin ni da abin da kika rubuta nake yanka. Ki ɗaura mata siririn ƙyalle a ƙugu, ki bar shi ya zauna inda jikinta ya ajiye shi, daga nan ne kowane tsawo zai tashi. Wurin da mazaunai suka fi cika yakan faɗo tsakanin inci 7 zuwa 9 ƙasa da ƙugu, amma kada ki ɗauke shi da ka, ki zagaya da tef ki nemo shi. Bayan kin auna ta a tsaye, ki sa ta zauna a kan benci da tef ɗin a jikinta, za ki ga ya buɗe da inci ɗaya ko biyu, kuma wannan ƙarin shi ne abin da yake fasa ɗinki a bayan siket ranar biki. Sannan ki auna tsawo sau biyu, ta gaba da ta baya. Macen da bayanta ya cika, bayan siket ɗinta yakan ɗage sama ya bar gaban yana jan ƙasa, kuma maganin wannan a ƙugu yake, inda za a ƙara wa bayan tsawo, ba a bakin ƙasa ba.

Miƙaƙƙen siket shi ne uwar sauran, kuma shi kika fi gani a nan Kumasi, domin silit, wato dogon siket ɗin da ake sawa da rigar mata da ake kira kaba, miƙaƙƙe ne. Tsarin da muka tarar shi ne mace ta sayi rabin turmi, wato yadi 6, a raba shi falle uku: falle ɗaya na riga, ɗaya na silit, ɗaya kuma a bar shi ba a yanka ba, ta yafa ko ta yi goyo ko ta naɗa ɗauri da shi. Ga yadda lissafinsa yake. A ce ƙugu inci 32 ne, mazaunai 42. Za ki ƙara inci 1 a ƙugu ya zama 33, ki ƙara 2 a mazaunai ya zama 44, saboda numfashi da zama. Tazarar da ke tsakaninsu inci 11 ce, kuma ita ce za ki ɓatar cikin hikima. Dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don tsuke ƙugu, biyu na gaba su ci inci ɗai-ɗai, su sauka kamar inci 4. Biyu na baya su ci inci ɗaya da rabi kowanne, su sauka inci 5 zuwa 6. Sauran inci 6 sai a raba su a gefuna huɗu na ɗinkin haƙarƙari, inci ɗaya da rabi kowane gefe. Masu gaggawa sukan kwashe dukan tazarar daga gefe su manta da dat, sai ki ga siket ya yi kunnuwa a kwankwaso, bayan ƙugu kuma ya buɗe baki. Ni dai ina nan kan al'adar tsofaffin teloli ta barin rarar yadi mai faɗi a cikin silit ba tare da an datse ta ba, domin atamfar Vlisco ta Holan ko GTP ta Tema ba abin shekara ɗaya ba ce, kuma jikin mace yana sauyawa da aure da haihuwa.

Idan aka ƙara tsuke miƙaƙƙen nan daga mazaunai zuwa ƙasa, shi ne siket fensir, wanda mai tsara tufafi Christian Dior ya yayata a birnin Paris a shekarar 1954. Nasu iyakarsa ƙasan gwiwa, namu kuwa sai ya kai idon sawu, kuma a nan matsalar take. Bakin da ya wadaci mace a gwiwa ba zai bar ta ta yi taku ba idan ya sauka ƙasa. A aikina ba na barin bakin dogon siket ya gaza inci 54 sai da wata dabarar taku. Maƙwabtanmu Asante da yawa ba su damu da buɗaɗɗiyar tsaga a baya ba, amma matan Zongo akasarinsu ba sa son ƙwaurinsu ya fito, kuma bai kamata mu jira sai sun faɗa ba. Abin da nake yi shi ne in buɗe tsagar daga ƙasan gwiwa, sannan in toshe ta ta ciki da ninkin yadi ko da ƙyalle mai kusurwa uku, ta yadda idan ta tsaya ba a ganin komai, idan ta ɗaga ƙafa za ta hau mota kuma yadin ya buɗe mata ba tare da fata ta bayyana ba. Kan tsagar kuma ki bi shi da ɗinki sau biyu, ki ƙarfafa shi ta ciki, don nan ne duk nauyin taku yake sauka.

Mai siffar A, wanda shi ma sunansa ya fito daga gidan Dior a 1955, ba sai na tsawaita a kansa ba. Yana kama ƙugu, ya bi mazaunai ba tare da ya manne ba, ya buɗe a hankali zuwa ƙasa. Shi nake ba malamar makaranta da ma'aikaciyar ofis da mai zaman kasuwa, kuma tun da gwamnatin Shugaba Kufuor ta ƙaddamar da sa tufafin gida ranar Juma'a a shekarar 2004, shi ne siket ɗin atamfa da ma'aikata suka fi kawowa. Ba ya cin yadi, ba ya ɓata zanen atamfa, kuma da wuya ki ga jikin da ya ƙi shi. Idan mace ta rasa abin zaɓa, ki fara nuna mata shi.

Mai gida shida da mai gida takwas, wato waɗanda ake haɗawa da dogayen yanki shida ko takwas, su ne na 'yan mata da ƙawayen amarya, waɗanda suke kama jiki har gwiwa sannan su baje. A nan awo na uku yake shigowa, wato zagayen gwiwa, da kuma wurin da bajewar za ta fara. Ki fara ta kamar inci 2 zuwa 3 sama da gwiwa. Idan kika sauke ta ƙasan gwiwa, yarinya za ta riƙa tafiya kamar wadda aka yi wa dabaibayi, kuma zaman tahiya zai gagare ta. Gajeruwar mace ma a ƙara ɗaga mata bajewar sama kaɗan, don ƙafarta ta yi tsawo a ido. Na fi son mai gida takwas saboda yana da ɗinki a tsakiyar baya inda zif zai kwanta, ga shi kuma yana raba tsukewar ƙugu wuri takwas, ba sai an sa dat ba. Amma ki lura da abu guda. Masu son rage cin yadi sukan kifa gidajen, ɗaya kansa sama ɗaya kansa ƙasa, su shige cikin juna. Wannan yana yiwuwa a yadin da zanensa ba shi da sama da ƙasa. Idan kuwa atamfa ce irin Sika wo ntaban, mai tsuntsayen nan a cikin da'ira, to rabin tsuntsayen za su fito a kife, kuma duk macen da ta san atamfa za ta gani tun daga nesa.

Yanzu ga wanda ya fi jawo gardama tsakanina da masu hoto, wato mai da'ira. Shi ba shi da dat, ba shi da tattara, yadin ne kawai aka yanke a zagaye aka huda masa wurin ƙugu a tsakiya. Domin ki sami rabin faɗin hudar, sai ki raba awon ƙugu da 6.28, ƙugu 32 zai ba ki inci 5 da ɗan ɗoriya, shi za ki auna daga kusurwar ninki ki zana bakan ƙugu. Idan tana son tsawon inci 40, daga kusurwa zuwa baki ya zama inci 45 ke nan, ba a sa na kalmasa ba. Faɗin atamfa kuwa bai wuce inci 45 zuwa 48 ba, saboda haka da ƙyar yake isa. Kowane rabin da'ira zai ci inci 90 na tsawon yadi, wato yadi 2 da rabi, biyun su ci yadi 5. To mace ta kawo yadi 6, tana son siket da riga da ɗankwali, ina za mu samo sauran? Wannan lissafin nake yi a zuci lokacin da kike ganina ina juya yadi. Gara a gaya mata gaskiya tun almakashi bai taɓa ba, ta ƙaro yadi ko ta koma mai siffar A mai yalwar baki, domin tun ran gini tun ran zane.

Ba cin yadi ne kaɗai halinsa ba. A cikin da'ira ɗaya, wani sashe yana bin tsayen zare, wani yana bin kwancensa, wani kuma yana faɗawa a karkace, kuma na karkacen yana miƙewa idan ya ji nauyi. Shi ya sa na hana ki kalmashe wanda muka yanka ranar da aka haɗa shi. A rataye shi ya kwana ya wuni, ya gama saukar da zai yi, sannan mai shi ta sa da takalminta, ki auna daga ƙasa zuwa sama da sanda kina zagayawa kina sa alli, ki datse rarar, ki yi masa siririyar kalmasa. Kalmasa mai faɗi ba ta kwanciya a bakin da'ira, sai dai ta yi ta murɗewa. Zanen yadi ma abin dubawa ne: atamfa irin Nsubura, mai ɗige-ɗige a zagaye, duk inda aka juya ta daidai take, amma mai ratsi ko mai furen da ke tsaye zai miƙe a gaba ya kwanta a gefe. Kuma sabuwar atamfa mai ƙarfi ba ta zubowa yadda yadi mai santsi yake yi, sai ta tsaya tana buɗewa. Sau da yawa siket ɗin da ke cikin hoton da yadi mai laushi aka yi shi, kuma ko wane gwani ne ba zai tilasta wa atamfa ta yi wannan zubin ba.

Tattara iri biyu ce, kada ki haɗa su. Akwai wadda ake ja da zare, inda za ki yi layi biyu na dogon ɗinki ki jawo zaren ƙasa a hankali, yadin ya zama ninki biyu zuwa biyu da rabi na ƙugu. Akwai kuma wadda ake ninkewa a goge, irin ta kayan makaranta, wadda idan ninkin ya bi juna babu tazara tana cin ninki uku na awon mazaunai: 42 sau uku inci 126 ne, yadi 3 da rabi cif. A nan atamfa tana da daɗin aiki, domin faɗinta ne yake zama tsawon siket, sai ki bi tsawon yadin kina ninkewa ba tare da haɗi ba sai guda ɗaya. Sai dai ki gaya wa mai shi cewa auduga ba ta riƙe karin guga bayan wanki, kowane wanki sai an sake bin ninkin ɗaya bayan ɗaya, alhali yadin roba idan ya sha zafi ya kama shi ke nan. Tattarar ja tana ƙara wa mace cika a ciki da kwankwaso, don haka tana yi wa siririya kyau ƙwarai. Mai jiki idan ta nace tana so, ba na hana ta, sai dai in yi mata sama mai kama jiki daga ƙugu zuwa mazaunai, tattarar ta fara daga nan.

Na ɗaurawa kuma ɗan'uwan zane ne da aka sa wa ƙugu da igiya. Shi nake ba mai ciki da mai jego, tunda yana bin jiki duk yadda ya sauya. Sharaɗinsa ɗaya ne: shafin da ke ciki ya rufe gaba gaba ɗaya, daga gefe zuwa gefe, in ba haka ba iska ko zama zai buɗe shi.

Akwai yadukan da suke da nasu hukunci. Kenten Bonwire da saƙin fugu na Daboya ƙyalle-ƙyalle ake saƙa su, faɗin kowanne kamar inci 4, sannan a harhaɗa. Suna da nauyi, kuma da zarar almakashi ya ratsa su sai zare ya fara warwarewa. Irin wannan miƙaƙƙen siket yake so, ko na ɗaurawa, da yanka kaɗan iya yiwuwa; ki bi layin da za ki yanka da ɗinki tukuna, ki manna masa sitif, wato ƙyallen da ke ƙarfafa yadi, ta ciki, sannan ki yanka. Raina yana ɓaci idan na ga an daddatsa kente gida takwas, domin aikin makonni ne na masaƙi ake zubarwa a ƙasan tebur. Leshi da yadi mai shara-shara kuwa sai da shafi. Ki ɗaga yadin a bakin ƙofa ki sa hannunki a baya, idan kin ga yatsunki to rana ma za ta nuna ƙafarta. Shafin ya gaza siket da kamar inci 1 don kada ya leƙo, kuma ya ɗan fi shi yalwa don kada ya ja shi. Na roba yana da araha da santsi, amma yana riƙe zafi, kuma da hunturu yakan manne wa ƙafa, saboda haka na kullum na fi son a sa masa na auduga.

Game da yadda ake sawa, abin da nake duba shi ne kada sama da ƙasa su baje tare. Siket mai da'ira ko mai tattara yana son riga mai kama jiki wadda ta tsaya a ƙugu ko ta ɗan wuce shi, ko wadda aka cusa ciki. Miƙaƙƙe da mai gida shida su ne suke ɗaukar doguwar riga ko kaba mai baza a ƙugu, kuma wannan haɗin yana rufe mazaunai ga wadda ba ta son surarta ta fito. Ki tuna kuma matanmu ba sa fita sai da mayafi ko hijabi. Wadda take sa hijabi har gwiwa, duk adon da aka yi a saman siket a ɓoye zai ƙare, saboda haka a sauke mata kwalliyar ƙasa, a bakin siket. Idan atamfar tana da manyan zane masu launi da yawa, mayafin ya ɗauki launi ɗaya daga cikinsu ya tsaya a nan. Tsawo kuma da takalmi yake tafiya: siket ɗin da aka auna da dogon takalmi ranar ɗaurin aure, idan aka sa shi da silifa zai share titi. Garin nan damina biyu gare shi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma jar lakarmu ba ta fita daga farin yadi da sauƙi. Na zirga-zirga ya tsaya daidai idon sawu, mai jan ƙasa a bar wa amarya.

Za ki kuma riƙa karɓar ɗinkin makoki, domin muna zaune da Asante, kuma ranar Asabar suka fi yin makokinsu. Baƙi da ja su ne launukan, fari da baƙi kuma idan mamacin ya tsufa ƙwarai. Wadda za ta je za ta bi layi tana gaisawa daga dama zuwa hagu, sannan ta daɗe a zaune a kan kujera ƙarƙashin rumfa, don haka silit ɗinta yana bukatar yalwar zama fiye da na biki, kuma ba wurin baza da ƙyalƙyali ba ne. Ko matar Zongo ce za ta je ta'aziyyar abokiyar kasuwarta, ki yi mata mai sauƙi, dogo, rufaffen tsaga.

A cikin buhun da ke ƙarƙashin teburin yanka akwai siket na gwanjo guda uku da aka bar mana, ɗaya fensir, ɗaya mai siffar A, ɗaya mai tattarar guga. Ki farke su da reza a hankali ba tare da kin yaga ba, ki goge kowane gida ya kwanta, ki shimfiɗa shi a kan takardar siminti ki zana, ki rubuta zurfin dat da tsawonsa da inda zare ya dosa. Za ki tarar an yanka su ne don jikin da bai kai na yawancin matanmu cika a baya ba, sai ki gwada a takarda yadda za ki ƙara zurfin dat na baya da tsawon bayan ƙugu a kan awon 32 da 42 da na ba ki. Idan kin gama ki kawo mini in duba kafin ki taɓa yadi, sannan ranar Litinin ke za ki yanka silit ɗin baƙar atamfar nan ta makoki, ni kuma ina tsaye kusa da ke.